A Cire Mari, a Kawo Magani Ƙauye

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau za mu bar birnin Maraɗi, mu miƙa arewa cikin gundumar Dakoro, mu ya da zango a Mai Yara, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na ƙasar Kornaka, tare da Ɗan Gulbi da Sabon Mashi da Ajekoriya da Kornakar kanta. Ƙasa ce ta gero da wake, ta manoma da makiyaya. Abin da ya kawo mu shi ne ciwon nan da ake ɓoyewa a bayan danga, wato taɓin hankali, da kuma shaye-shayen da sau da yawa suke tafiya tare da shi.

Bari in fara da wani ɗaki. Ba sai na faɗi sunan gari ko na mai gida ba, domin duk wanda ya tashi a karkara ya san irinsa. Ɗaki ne can ƙuryar gida, kusa da turken awaki. A ciki akwai saurayi zaune a kan tsohuwar tabarma, an sa masa mari, an ɗaure sarƙar a jikin gungume. Inda ƙarfen yake gugar idon sawu ya yi gyambo, an naɗe da tsumma. Da hantsi mahaifiyarsa takan kawo ƙwaryar fura, ta ajiye a bakin ƙofa, ta tsaya tana kallonsa har ya shanye, sannan ta juya tana share ido da bakin zane.

Kada kowa ya ce matar nan ba ta da imani. Sau biyu yaron yana shiga daji cikin dare, sai da aka bi sawunsa da fitila. Ta sayar da akuya ta kai wa boka, ta sayar da tunkiya aka yi rubutu da ruƙiyya. Da dabara ta ƙare, sai aka kira maƙeri. Sarƙar nan ita ce abin da ya rage wa gidan da ba a kawo wa magani kusa ba.

Idan ka bi tarihin irin wannan yaro, sau da yawa za ka tarar da ci-rani a ciki. Da an gama girbi, samari su watse: wasu Kano ko Legas, wasu Agadas da Libiya, wasu kuma ramukan zinariya, tun daga na Jado da aka gano a 2014 har zuwa na Ɗan Isa da ke nan jiharmu. Aikin ƙarfi ne daga asuba har faɗuwar rana. A can ne wani abokin aiki zai miƙo ƙwaya ɗaya, ya ce maganin gajiya ne. A jefa cikin shayi ko kofi, jiki ya yi sakayau, a yi aikin mutum biyu. Wannan ita ce tramol.

Asalinta magani ne na gaskiya. Wani kamfanin Jamus ne ya haɗa tramadol a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 domin masu ciwo mai tsanani. Likita yakan rubuta miligiram 50 ko 100, kuma ƙa'ida ba a wuce 400 a yini. Amma wadda ake tallarta a faranti ranar kasuwa, ƙwaya ɗaya takan kai 200 ko 225, har 250, akasari daga Indiya. Yaro ya fara da ɗaya, bayan ƴan watanni sai huɗu ko biyar kafin ya iya ɗaukar hauya. Idan ta yi yawa a jiki takan kayar da mutum yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, sai a ce iska ce ta buge shi. Farfesa Douma Maiga Djibo, likitan ƙwaƙwalwa a Yamai, shi da abokan aikinsa sun yi rubuce-rubuce kan illar tramol a tsakanin matasan Nijar fiye da shekara goma da suka wuce. Da Indiya ta tsaurara doka a kanta a 2018, ƴan fataucin suka koma shigo da wata ƴar'uwarta mai suna tapentadol. Ban da su ga wiwi, ga sholisho, ga ƙwayoyin barci irin diyazefam.

Hukumomin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, OCRTIS a Nijar da NDLEA a Najeriya, suna kamawa, suna ƙonawa, kuma aikinsu ne. Amma kama dila ba ya warkar da wanda ƙwaya ta riga ta kama. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi na 2024 ya nuna cewa a duk duniya, cikin mutum 11 da shaye-shaye ya zame musu ciwo, ɗaya ne kawai yake samun magani. A wajen mata kuwa, ɗaya cikin 18.

To ina mutumin Mai Yara zai nufa? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƴan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yamai, inda sashen nan da kowa ya sani da suna Pavillon E yake a babban asibitin ƙasa. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Ku lissafa da kanku: kuɗin motar majinyaci, da na ƙarti biyu da za su riƙe shi a hanya, da abinci, da masauki, ga gona an bari a tsakiyar damina. Ko Maraɗin ma, zuwa ɗaya ba ya isa, domin wannan ciwo ne na komawa wata bayan wata. Shi ya sa wasu suke tsallaka iyaka su kai ƴaƴansu gidajen mari. Kun dai tuna abin da ya faru a watan Satumba na 2019, lokacin da ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan nan aka buɗe irinsa a Daura da Katsina. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, da niyyar a gyara musu tarbiyya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na musamman. Yanzu zan faɗi abin da ya sa nake ganin mutanen Dakoro sun fi kowa cancantar su fahimci mafitar wannan al'amari, domin sun taɓa ganin irinta da idonsu.

Ku tuna shekarar 2005, shekarar yunwar da ta biyo bayan fari da fara, lokacin da tamowa ta yi ta kwasar yara a jihar Maraɗi. Kafin nan, yaron da ya rame sai an kwantar da shi a asibiti tare da uwarsa har makonni, gadajen kuwa ba su isa ba. Sai aka sauya dabara. Aka riƙa auna yaro a kusa da gida, a ba uwa abincin nan na gyaɗa mai ƴar leda, Plumpy'Nut, ta koma gida ta ciyar da shi, ta dawo bayan mako a sake awo. Wanda ya galabaita ƙwarai ne kaɗai ake kwantarwa. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 a Nijar, yawancinsu a gidajen iyayensu, kuma Dakoro tana cikin wuraren da aka yi aikin. Daga baya ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai launin kore da rawaya da ja. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta zama ita ce mai fara gano ciwon.

Abin da ake nufi da jinyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma ke nan, ba wani abu daban ba. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri mai suna mhGAP, a 2010 ta buga littafin jagora domin ma'aikacin lafiyar da ba ƙwararre ba ne a fannin ƙwaƙwalwa. Da horo na ƴan kwanaki da kuma mai zagayowa yana duba aikinsa, manjo, wato ma'aikacin jinyar da ke cibiyar kiwon lafiya ta CSI, zai iya gane farfaɗiya, da ciwon damuwa mai tsanani, da ruɗewar hankali, da matsalar ƙwaya. Zai iya fara magani, ya kuma san wanda ya fi ƙarfinsa ya tura asibitin gunduma a Dakoro ko Maraɗi. Nijar tana da tsanin da ake bukata tun tuni: ga ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, ga CSI, ga masu sa kai da ke bi gida gida lokacin rigakafi da rabon maganin zazzaɓin damina. Su ne suka san gidan da ake ɗaure da mutum.

Ɗauki farfaɗiya kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suna shan maganin da ya dace, kuma fenobarbital yana cikin magunguna mafi araha. Amma har gobe akwai yarinyar da aka cire daga makaranta, aka ware mata ƙwaryar shan ruwa, wai kada a ɗauka daga yawunta. Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Wannan magana ina roƙon duk wanda ya ji ta ya isar da ita gidansu.

Dabarar nan ba baƙuwa ba ce a Afirka. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta. Kowane majinyaci yana tare da ɗan'uwansa, da safe ya je a duba shi, da yamma ya koma cikin jama'a. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, aiki ya yi da su. Nan ne nake son mu tsaya kaɗan, domin a ƙasarmu babu majinyacin da zai isa gidan likita bai bi ta zauren malam ba. Duk shirin da ya zo yana zagin malamai da bokaye, a bakin gari zai tsaya. A 2020 aka buga sakamakon wani bincike da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya suka riƙa zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba majinyata suna ba da magani. Waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Malam ya yi tofi da addu'a, manjo ya ba da ƙwaya ko allura, babu wanda ya tare wa wani hanya. Abin da ba za a lamunta ba shi ne duka, da horon yunwa, da sarƙa.

Shi kuwa mai shan tramol, akwai abin da iyaye ya kamata su sani. Wanda jikinsa ya saba, idan ya bari rana ɗaya, zufa za ta karyo masa, gaɓoɓi su yi ta ciwo, ga gudawa, ga rashin barci, ga faɗuwar gaba. Ba rashin zuciya ne yake mayar da shi ba, jikin ne yake nema. Shi ya sa ake rage masa a hankali a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Kwanakin nan na farko ma ba su ne masu wuya ba. Mai wuyar ita ce ranar da ya koma fada, aka ɗora shayi, abokin jiya ya zaro ƴar leda daga aljihu. Idan ya sake faɗawa, kada a ce an gama da shi. A sake kai shi, domin haka ciwon yake, yana tafiya yana dawowa kafin ya bari.

Fadar da ta koya masa kuwa, ita ce za ta iya riƙe shi. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Mu ba mu rasa benci ba. Muna da fada, muna da gindin bishiyar ƙofar maigari, muna da taron adashin mata. A taron matan nan ne za a ji labarin mai jegon da ta daina barci, ta daina ba jariri nono, tana magana ita kaɗai, wadda magani zai iya dawo da ita hayyacinta idan an yi hanzari.

Abu ɗaya ne yake kashe irin wannan aiki: yankewar magani. Mutum ya sha wata uku ya samu sauƙi, aka cire mari, ya koma gona. Wata na huɗu aka je CSI aka ce babu. Ciwo ya dawo, maƙeri ya dawo, kuma daga ranar babu mai sake yarda da likita a wannan ƙauye. Don haka horo kaɗai ba ya isa, sai an tabbatar maganin yana kan kanta kowane wata.

Kiranmu ga hukumomin Mai Yara da na kiwon lafiya a gundumar Dakoro shi ne a sa maganin farfaɗiya da na taɓin hankali cikin abin da ba ya yankewa a kowace CSI, a kuma horar da masu sa kai na ƙauyuka. Sarakuna da limamai, ku yi maganar nan a fada da kan mumbari. Ke kuma Inna, da kike saurarenmu ɗanki yana ɗaure a ƙuryar gida, kada ki jira kasuwa ta zagayo. Gobe da safe ki je wurin manjo ki gaya masa duk abin da yake faruwa, har da abin da yaron yake sha, ki roƙe shi ya zo ya gan shi.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)