Majigi: Beben da Ya Ari Bakin Bahaushe

Kafin fina-finan Indiya su mamaye zukata, majigi ne ke tara jama'a a garuruwan Arewa, har da ƙasar Zazzau. Motar gwamnati kan tsaya a fili bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a haska fim kyauta. A 1939 Ingila ta kafa sashen fina-finan mulkin mallaka ƙarƙashin William Sellers. Yawancin fina-finansa na farko bebaye ne, wasunsu na koyar da tsafta da noma, a haɗa da Charlie Chaplin don nishaɗi.

A ganina, mai sharhi ne ya riƙe 'yan kallo. Shi ke riƙe da lasifika yana sa wa hoto Hausa. In ya iya baki, a yi dariya a ɗauki darasi. In bai iya ba, a watse. Masu fassara fim ɗin Indiya a yau magadansa ne.

Wasu faifan na ajiye a Landan, amma muryarsa ta saura ne a zukatan dattawan Samaru da Sabon Gari. Ina kira ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello su naɗi bayanansu tun suna raye.