Yaran Assamakka da Masu Farautar Zukata

Duk wanda ya san Assamakka, ƙauyen nan na bakin iyakar Nijar da Aljeriya, arewa maso yamma da Arlit, ya san cewa baƙin da hukumomin Aljeriya ke korowa ana sauke da yawansu ne a wani wuri da ake kira Point Zéro, su tako wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga ruwa. Su kuwa 'yan Nijar, waɗanda ake maidowa cikin manyan motoci bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 2014, akwai yara birjik a cikinsu, da dama 'yan yankin Kance da aka kai bara.

Hukumar kula da ƙaura ta IOM tana ciyar da su, likitocin MSF suna duba ƙafafun da suka tsage, kuma wannan alheri ne babba. Amma yaron da ya wuni zaune a inuwar katanga, roba a hannu, ba allo, ba uwa, ba wanda ya tambayi sunansa, shi ne wanda ma'abota fitina suke nema, domin wanda ya fara ba shi shayi da kalma mai daɗi shi zai zama malaminsa. Mutanen Arlit ba su manta da 23 ga Mayun 2013 ba, ranar da irin waɗannan ma'abota fitina suka tayar da bam a mahaƙar Somaïr da ke garinsu da kuma barikin Agadas.

A ganina, abin da ya fi gaggawa shi ne a sada kowane yaro da danginsa, a samar masa malami amintacce wanda zai karantar da shi hurumin jinin ɗan Adam, sannan a bi sawunsa har Kance, inda yunwar da ta fito da shi take nan har yanzu.