Yadda buɗe kasuwannin duniya ya durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna

Galibin atamfofin da ake sayarwa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano daga ƙasar Sin ake shigo da su, duk da cewa zanen da ke jikinsu na Afirka ne.

Lamarin ya samo asali ne tun 1997, lokacin da Najeriya ta ɗage haramcin shigo da yadi, shekaru biyu bayan kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO. Sin ta shiga ƙungiyar a 2001, kuma yadinta mai rahusa ya mamaye kasuwannin Afirka ta Yamma.

Masaƙun gida sun kasa gogayya, domin da janareta da baƙin mai suke aiki saboda ƙarancin wutar lantarki, ga kuma tsofaffin injuna. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL kuma ta bi sahu a 2007.

Amma ƙananan masu sana'a sun fi jin jiki. Marinin Kano kan kwashe kwanaki yana ƙulla zane yana rinawa, sai masana'antun Sin su kwaikwayi zanen, su buga shi da inji, su sayar da arha. Manoman audugar Funtuwa da Gusau ma sun rasa manyan masu saye.

Gwamnatin Obasanjo ta maido da haramcin, sai dai fasa-ƙwauri ta Kwatano da Maraɗi ya hana shi tasiri. Ba kowa ne ya yi asara ba: 'yan kasuwar da ke saro kaya a Guangzhou sun samu riba, talaka kuma ya samu kayan sallah daidai aljihunsa.