Gauraya Irin Shanu: Hukuncinsa da Ladubban Cinikinsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana dabbobin ni'ima. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, attajirai da ma'aikata da yawa a ƙasar Karaye da Rogo suna zuba dukiyarsu cikin kiwo, wasu ma da kuɗin sallamarsu daga aiki. Ruwa ya samu tun da aka gama madatsar Challawa a 1992, kuma Zariya ba ta da nisa, inda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, wadda ta faro daga gonar kiwo a 1928, ta daɗe tana haɗa farar saniyarmu Bunaji da Firiziyan ta ƙasar Holan domin ƙarin madara. To, sai tambaya ta taso: shin wannan haɗi bai zama canza halittar Allah ba?

Amsa tana cikin bambanta jinsi da iri. Suratul An'am ta ambaci jinsi huɗu: tumaki, awaki, raƙuma da shanu. A cikin kowane jinsi kuwa akwai iri dabam-dabam. Bunaji da Rahaji da Bokolo duk shanu ne, kamar yadda 'Yankasa da Uda da Balami duk tumaki ne. Masana sun gano cewa a cikin ƙwayoyin jikin kowace dabba akwai wasu zarurruka masu ɗauke da gado, ana kiransu kuromosom. Saniya tana da 60, ko mai tozo ce irin tamu, ko maras tozo irin ta Turai. Shi ya sa idan aka haɗa su sukan haifu, 'ya'yansu ma su haifu. Amma doki yana da 64, jaki 62, sai alfadarin da ke fita tsakaninsu ya zo da 63, galibi kuma ba ya haihuwa. Wannan iyaka Allah ne Ya gitta ta, makiyayi bai isa ya ture ta ba.

Saboda haka wanda ya haɗa saniya da bijimi na wani iri bai fita daga hanyar da Allah Ya tsara ba, sababi kawai ya riƙa. Ko alfadari ma, Suratun Nahli ta lissafa shi cikin ababen hawa da ado, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hau alfadararsa Duldul, ko da yake wasu malamai sun karhanta ɗora jaki a kan goɗiya don kada dawaki su ƙaranta.

Sanin gado kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Balarabe da ya yi shakkar ɗansa saboda an haife shi baƙi. Annabi ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a ciki, wataƙila ya ɗauko daga wani kakansa. Sai aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne. Wannan ɓuyar siffa da sake ɓullarta ita ce Mendel ya bayyana da gwajin wake a 1866.

A nan ne maganar ta shafi aljihu. 'Yar fari ta Bunaji da Firiziyan takan gaji rabi daga kowane ɓangare: madara daga uba, juriya daga uwa. Amma idan aka bar waɗannan 'ya'ya suna barbarar junansu, siffofin sai su warwatse, wata ta yi kyau wata ta lalace. In kuma jinin Turai ya rinjaya, zafin bazara da kaska da ƙarancin abinci sukan kayar da ita. Launin fata kaɗai ba hujja ba ne. Dillalin da ya nuna karsana mai baƙi da fari a kara ya rantse 'yar Shika ce, alhali bai san ubanta ba, ya yi algus, kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan sifar da aka sharɗanta ba ta tabbata ba.

Akwai wasu hukunce-hukunce uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, shari'a ta hana sayar da abin da ke cikin cikin saniya ko tsatson bijimi, domin garari ne. Na biyu, hadisi ya hana karɓar kuɗin barbara, malaman Malikiyya kuma suka fassara hanin da haya wadda aka sharɗanta sai saniya ta ɗauki ciki. Amma idan an ƙayyade kwanaki ko adadin hawa, sun halatta. Na uku, zakka ba ta duban iri: ana haɗa shanu duka a lissafi, idan sun kai 30 ta wajaba, kamar yadda ake haɗa tumaki da awaki su cika 40.

Shawararmu ita ce, kada kwaɗayin madara ya sa mu wofintar da Bunaji, domin ita ce tushen da ake ɗora haɗin a kansa. A riƙa rubuta uban kowane maraƙi da uwarsa, a sauya bijimi kafin ya hau 'ya'yansa, domin barbarar dangi tana raunana garke. Wanda kuma ba shi da inuwa da ruwa da dusa isassu, ya haƙura da irin gida, don dabba amana ce da za a tambaye shi a kanta.

Allah Ya sa albarka a dukiyoyinmu, Ya tsare mu daga cin haram. Wassalamu alaikum.