Neman Mabuɗin Da Zai Gane Ƙwayar Sankara

Babbar matsalar da likitoci suke fama da ita wajen maganin ciwon daji ita ce, yawancin magungunan ba su rarrabe ƙwayar halitta mai cuta da lafiyayya. Shi ya sa gashin majiyyaci yakan zube, jininsa kuma ya ragu. Saboda haka masana suka daɗe suna neman abin da zai gane ƙwayar sankara ita kaɗai.

Ɗaya daga cikin abubuwan da aka samu shi ne aftama, wato wani ɗan guntun zare na sinadarin gado, DNA ko RNA, wanda yakan naɗe kansa ya kama wani furotin daidai wa daida, kamar mabuɗi da kwaɗo. A shekarar 1990 ne aka bayyana hanyar zaɓo shi a Amurka, daga wajen Larry Gold da Craig Tuerk, da kuma Jack Szostak da Andrew Ellington.

Aikin ya yi kama da tankaɗe. Akan zuba zaruruwa iri-iri, biliyoyi babu iyaka, a kan ƙwayoyin sankara masu rai. Sai a wanke, waɗanda ba su kama ba su tafi da ruwa. Waɗanda suka manne a fatar ƙwayar, a tattara su a zuba wa wasu ƙwayoyi dabam. Duk zaren da ya kama waɗannan ma, a yar da shi. Sauran a hayayyafa su da na'ura, a sake maimaitawa kamar sau goma zuwa ashirin.

Ta haka ne a 2006 ƙungiyar Weihong Tan a Jami'ar Florida ta samo aftama mai suna sgc8, wanda yake kama ƙwayoyin wata sankarar jini. Abin mamaki, sai a 2008 aka bayyana cewa furotin ɗin da yake kamawa shi ne PTK7. Wato ƙwayar cutar ce da kanta ta tona asirinta.

To, amma da sauran aiki. Sinadaran jini sukan narkar da zaren, ƙoda kuma takan tace shi da sauri. Maganin aftama na farko da Amurka ta amince da shi, a 2004, na ciwon ido ne. Fatan masana shi ne a ɗora wa zaren magani, ya kai shi ƙofar ƙwayar sankara, ya bar maƙwabtanta lafiya.