Safar Hannu da Takalmin Mai Nutso a Teku

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin ko sama da haka. Shi ya sa mutum zai wuni a inuwa mai digiri 25 yana jin daɗi, amma in ya yi awa guda a ruwa mai wannan ma'auni sai ya fito yana karkarwa. Da sanyi ya kama jiki, jini yakan janye daga gaɓoɓi ya taru a ƙirji da ciki don kare zuciya da huhu. Yatsun hannu da na ƙafa ne ke fara mutuwa. Ga mai nutso da tukunyar iska a baya, wannan babbar magana ce, domin da yatsun nan yake danna maɓallin rigar da ke daidaita shi a ruwa, da su yake kwance igiya in ta sarƙe shi, da su kuma yake yi wa abokin nutsonsa ishara, tunda ba a magana a ƙarƙashin ruwa.

Galibin safar hannu da takalman nutso ana yin su ne da wata roba mai suna niyofirin, wadda masana a kamfanin DuPont na Amurka suka samar a 1930. A 1952 Hugh Bradner, masanin kimiyya a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ɗinka rigar nutso da ita. Robar kamar soso take, cike da ƙananan kumfan iska, kuma kumfan nan ne ke tare ɗumi. Ɗan ruwa kaɗan yakan shiga tsakanin roba da fata, jiki ya ɗumama shi, ya zauna a nan. Idan safar ta yi sako-sako, sabon ruwa mai sanyi zai riƙa shiga yana korar mai ɗumin duk lokacin da aka motsa hannu. Idan kuma ta matse, ta tare jinin da dama ƙaranci yake yi. Don haka a ganina dacewa da hannu ta fi kauri muhimmanci, kuma kuskure ne a saya ba a gwada ba. A sa ta, a dunƙule hannu, a buɗe. A gwada ɗaukar kwabo daga kan tebur, a ɓalle maɗaurin agogo. In bakin yatsun safar ya yi rara yana lanƙwashewa, girmanta ya yi yawa.

Kaurin da milimita ake auna shi. Ruwa mai ɗumi yana son 2 ko 3, mai matsakaicin sanyi 5, mai tsananin sanyi 7. Sai dai zurfi yana cin kauri: a mita 10 matsin ya ninka na saman ruwa, kumfan robar su motse, safar ta zama siririya, ɗuminta ya ragu. Masu shiga wurare irin Silfra a ƙasar Aisland, inda ruwa ke tsakanin digiri 2 da 4, sukan sa safa mai yatsu uku, wadda ke haɗa yatsu uku na ƙarshe a wuri ɗaya su ɗumama juna. Wasu kuma sukan sa wadda ruwa ba ya shiga ko kaɗan, a haɗe da hannun riga.

Akwai inda safar ba don sanyi ake sa ta ba. Kusa da Port Sudan a Bahar Maliya akwai jirgin Italiya mai suna Umbria, wanda ya nutse a 1940, kuma masu nutso na zuwa kallonsa har yau. Tsohon ƙarfe mai tsatsa yana yanka kamar aska, fatar da ta jiƙa kuwa ba ta da ƙwari, don haka a irin wannan wuri ana son safa mai ƙaƙƙarfan tafi. Amma a tsibirin Bonaire da ke tekun Karibiyan, da gandun teku na Cozumel a Meziko, an hana sa safar hannu. Hujjar mai ƙarfi ce: wanda hannunsa ke rufe ba ya shakkar dafa murjani, alhali murjani halitta ce mai rai, mai jinkirin girma, taɓawa kawai tana yi masa lahani. Mai hannu tsirara kuwa yakan kama kansa. Ya kamata a tambayi dokar wuri kafin a haɗa kaya.

Takalmi shi kuma ya dogara ne da yadda za a shiga ruwan. Filafilan ƙafa, waɗanda mai nutso ke iyo da su, iri biyu ne: akwai mai rufaffiyar dunduniya da ake zurawa ƙafa tsirara, akwai mai buɗaɗɗiya da maɗauri, wanda sai da takalmi. Wanda zai faɗa ruwa daga kan kwalekwale, takalmi mai laushin ƙasa ya ishe shi. Wanda zai taka daga gaɓa, kamar yadda ake yi a Dahab ta ƙasar Masar, yana ɗauke da kaya masu nauyi a kan tsakuwa mai zafi da duwatsu masu kaifi, ga bushiyar teku da ƙayoyinta a cikin ramuka, shi kam sai mai kaurin ƙasa da ba ya santsi.

A fara sayen takalmi, sannan a tafi da shi wajen zaɓen filafilai, domin kaurinsa yana canza girman da zai shiga. Yatsun ƙafa su miƙe ba tare da sun tokare ba, dunduniya kada ta riƙa ɗagawa, in ba haka ba a kwashi kanta da bororo. Mai zif ya fi sauƙin sawa, amma a duba ko akwai tattausar roba a bayan zif ɗin da ke rage shigar ruwa.

Bayan an fito, a ɗauraye safar da takalman da ruwan daɗi, a juya cikinsu, a shanya a inuwa. Gishiri yana cin zif, rana kuma tana sa robar ta bushe ta tsattsage.