Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidajenmu: wai daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya harzuƙa ya bazu. Masu faɗin haka abin da idonsu ya gani suke faɗa. Sun ga an kai wance asibiti, an cire mata nono, ba ta rufa shekara ba ta rasu. Abin da suka manta shi ne tsawon lokacin da ta ɗauka da ƙullutun nan a ƙirji, ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wasu na cewa jifa ce. Kafin likita ya gan ta, cutar ta riga ta kai huhu ko ƙashi, sai laifi ya faɗa kan wanda ya taɓa ta daga ƙarshe.

Sankarar mama ita ce kan gaba a cikin cututtukan daji da ke kama mata a Najeriya, kuma muguntarta ita ce sau da yawa ba ta farawa da zafi. Mu kuwa ciwon da bai hana tuƙa tuwo ba, ba mu ɗauke shi ciwo ba. Mace ta riƙa duba nononta sau ɗaya a wata, bayan ta yi wankan al'ada da 'yan kwanaki, ta lalluba har cikin hammata. Ƙullutu mai tauri, kan nono ya shige ciki, fata ta yi kamar ɓawon lemo, ko jini na fita daga kan nono, duk na kai wa likita ne a makon. Yawancin ƙullutai ba daji ba ne, amma hannu ba ya bambancewa, sai hoto da gwajin tsoka. Wadda sankarar mama ta taɓa kama mahaifiyarta ko 'yar'uwarta, ta faɗa wa likita tun da wuri.

Sankarar bakin mahaifa ta fi ba ni takaici, domin ita an san mafarinta. Ƙwayar cuta ce mai suna HPV, ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai, har matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya samu. Don haka batun zargi bai taso ba. Jikin mafi yawan mata yana kawar da ita da kansa. A wasu kuwa takan zauna shiru shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama sankara. Ga mai ƙanjamau da ba ta shan magani, 5 zuwa 10 sun isa. A duk shekarun nan ana iya gano ta. Gwaji mafi sauƙi na 'yan mintuna ne: malamar asibiti ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa, in wuri ya yi fari, a magance shi tun bai zama komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwaji daga shekara 30, mai ƙanjamau daga 25. Duk da haka, a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Da yawansu sun daɗe suna ganin jini bayan kwanciyar aure ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, suna shan maganin sanyi.

A watan Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin alluran yau da kullum, kyauta, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Nan take tsohuwar jita-jitar nan ta farfaɗo, wai za a hana yara haihuwa. Allurar ba ta hana haihuwa. Cutar da take karewa ce ke sa a cire wa mace mahaifa gaba ɗaya.

Ga maigida kuma, tunda izinin fita da kuɗin mota na hannunka: ranar da ta ce ta ji wani abu a jikinta, kada ka ce a bari sai bayan girbi. In kunyar likita namiji ce ta tsayar da ita, ku tambaya a sashen awon ciki, galibi mata ne ke aiki a can.